Hannun gem na haɗin gida

Hannun gem na haɗin gida shi ne abin sarrafa na'urar wasan bidiyo wanda mai gyara ko mai sha'awa ya haɗa da kansa a madadin na kamfani. An fi yin sa domin tsofaffin na'urori masu cin kaset, musamman dangin Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Kwaikwayonta ne, ƙirar Taiwan da China, ya fi isowa kasuwannin Arewa a shekarun 1990. A irin waɗannan, hannu kan riga komai mutuwa: waya ta tsinke daga gindi, ko robar ƙarƙashin maɓalli ta cinye, alhali na'urar na nan garau.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa a teburin mai gyaran rediyo a Gumel ko Maigatari shi ne, duk dabarar hannun tana cikin IC guda mai ƙafa 16, lamba 4021, wadda ba don gem kaɗai aka ƙera ta ba. Maɓallai takwas ne: A, B, Select, Start, sama, ƙasa, hagu da dama. Kowanne yana da ƙafarsa a jikin IC, da razista da ke riƙe ƙafar a kan bolt 5. Masu haɗawa sun fi sa mai ohm 10,000. Da an danna, sai ƙafar ta sauka sifili.

Waya biyar kacal ke tafiya zuwa na'ura. Biyu na wuta ne, a ƙafa ta 16 da ta 8. Ta ƙafa ta 9 na'ura ke ba da umarni a kama halin da maɓallan takwas ke ciki a lokaci guda. Sai ta riƙa bugu a ƙafa ta 10, amsoshi na fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙafa ta 3, A a gaba, dama a ƙarshe, kamar masu fita ta ƙofar zaure. Yawancin wasanni kan yi wannan tambaya sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Tsari ne mai kyan gaske, domin ya rage wayoyi ba tare da ɗan wasa ya ji jinkiri a yatsansa ba.

Sauran na'urori sun bi wasu hanyoyin. Sandar Atari 2600 ta 1977 ba ta da IC ko ɗaya, makunnai ne zalla. Hannun Sega Mega Drive ta 1988 yana aiki da 74HC157.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne soket. Yawancin na'urorin kwaikwayo suna da mai haƙora tara, kamanninsa ɗaya da na Sega, amma jerin wayoyinsa daban ne. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne, don ja ba kullum ke nufin wuta ba. Mai hankali yakan sa mita ya gano bolt 5 kafin ya narka dalma.

Gumel na da nisan kusan kilomita 120 daga Kano, kuma a Kasuwar Sabon Gari ta Kano aka fi samun IC, razista da allo mai ramuka. Waya da soket gara a ciro su daga mataccen hannu. Yanayin yankin yana da nasa sharaɗi: 4021 ba ta jure tartsatsin da jiki ke tarawa a bushewar hunturu, wanda kan sa riga ta yi ƙaras-ƙaras in ana cire ta, don haka a taɓa ƙofar ƙarfe kafin a ɗauke ta. Ƙura kuma takan shiga tsakanin maɓalli da allo, shi ya sa rufaffen makunni ya fi na roba daɗewa.