Sake Fasalin Gaɓar Tafkin Tiga Domin Lafiyar Jama'a: Nazari Daga Ƙasar Rano, Kibiya da Tarai

Tsakure

Maƙalar ta dubi gaɓar tafkin Tiga a matsayin filin jama'a, ta dogara da tarihin madatsar da abin da ilimin kiwon lafiya ya tabbatar game da zama kusa da ruwan da ba ya gudu. Hujjarta ita ce duk gyaran da za a yi wa gaɓar ya fara daga masu shiga ruwan kullum, kafin a yi maganar baƙi masu yawon buɗe ido.

Gabatarwa

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tafkin da ta tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da shi. Ga mutanen Rurum da Ruwan Kanya a ƙaramar hukumar Rano, ruwan maƙwabci ne. Ga na Tarai da sauran garuruwan Kibiya kuwa, sai an yi tafiya kafin a isa, amma shi ne babban ruwa mafi shahara a yankin, kuma duk abin da aka koya a gaɓarsa zai yi aiki a kududdufai da rafukan da yaransu ke wanka a ciki.

Tun farko an yi tunanin shaƙatawa a bakin ruwan kudancin Kano. An gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon Tiga, aka gina wani a tafkin Bagauda, wanda yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi. Duka biyun an yi su ne domin baƙo mai mota da kuɗin ɗaki. Masunci da mai wanki da makiyayi ba su shiga lissafi ba, suka ci gaba da sauka ruwa ta inda ƙafa ta saba.

Gaɓar da ba ta tsayawa wuri ɗaya

Tsarin gaɓar teku irin na Legas ba zai zauna a nan ba. Tiga na cika da damina, sannan a yi ta sakin ruwansa zuwa gonaki duk tsawon rani, bakin ruwan ya ja da baya ya bar laka da ciyayi. Matakalar siminti da aka gina daidai bakin ruwan Satumba za ta tsaya a busasshiyar ƙasa a Afrilu. Saboda haka a raba gaɓar hawa uku: tudu inda ruwa ba ya kaiwa, a nan za a yi gini, tsakiya da ruwa ke rufewa wasu watanni, a shimfiɗa masa dutse da tsakuwa, sai ƙasa can, inda ba a gina komai sai alamun zurfi.

Tsargiya

Nan ne gizo ke saƙa. Duk shirin da ke kiran jama'a su zo su motsa jiki a bakin tafki, in bai yi lissafin tsargiya ba, cuta zai raba musu. Mai ɗauke da ita yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon-koɗi da ke maƙale a ciyayin gefen ruwa, daga nan tsutsotsin su fito su huda fatar wanda ya shiga. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yaro ya taso daga makaranta, ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya faɗa ruwa don zafi. A wasu wurare har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar namiji, abin da ke jinkirta zuwa asibiti.

Tarihin madatsu a Afirka ta Yamma ya riga ya nuna hanyar da abin ke bi. Bayan an tare Kogin Bolta a Akosombo ta Ghana a shekarun 1960, tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin sabon tafkin. Haka ya faru a Richard Toll ta Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Maganin firazikwantel da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sake kamuwa washegari.

A nan mai tsara fili yana da aikin da likita ba zai iya yi masa ba. Dodon-koɗi na son ruwa marar zurfi, mai ciyayi, wanda ba ya motsi. Mashigin da aka share ciyayinsa aka daɓe da dutse ya fi aminci nesa ba kusa ba. Masai da wurin kama ruwa su kasance a tudu, kusa da hanya, yadda mutum zai riske su kafin ya isa ruwa. A haƙa rijiyar burtsatse a yi mata dakalin wanki da magudana, domin macen da ta ɗauko kwandon wanki ba ruwan tafki take so ba, ruwa take so a wurin da ba za ta biya ba. Mashayar shanu kuma a ware ta can gefe, da burtali mai kai wa gare ta, kada garke ya ratsa ta filin yara.

Motsa jiki da nutsewa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga baligi, da minti 60 a rana ga yara da matasa. Manomin Tarai da ya wuni yana huɗa ya wuce wannan tun kafin azahar. Waɗanda suka rasa wurin motsa jiki su ne tsofaffi masu hawan jini ko ciwon suga, da matan aure, da 'yan mata. Don haka hanyar tafiya mai inuwa ta fi kayan motsa jiki na ƙarfe amfani, waɗanda rana ke gasawa har ba a iya taɓa su. Gawo ya dace da wannan hanya, tunda da rani yake fitar da ganye, lokacin da ake neman inuwa. A haɗa shi da tsamiya da darbejiya. Dandali ɗaya mai rairayi ya isa kokawa, langa da ƙwallo. Mata ba za su zo ba sai an keɓe musu sashe mai shinge da lokacin da aka sani nasu ne, kuma tsarin da ya yi biris da wannan ya rufe wa rabin gari ƙofa.

Haɗarin kwale-kwale da ya auku a madatsar Watari ta Ɓagwai ranar 30 ga Nuwamba, 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa dalilin yin tasha guda ta jirage a Tiga, da ƙayyade yawan fasinja, da ajiye rigunan kariya daga nutsewa a wurin.

Wa ke da wurin?

Ruwan na hukumar tarayya ne, yawon buɗe ido na jiha, tsaftar muhalli ta ƙaramar hukuma. Gyaran famfo da share ciyayi kan faɗa tsakanin ukun. Legas ta rasa gaɓar Bar Beach, wadda kowa ke shiga, lokacin da aka cike wurin aka gina Eko Atlantic. Don kada hakan ta faru a Tiga, a rubuta cikin yarjejeniya tun kafin a aza tubali cewa shiga kyauta ne, a damƙa tashar jirage ga sarkin ruwa da ƙungiyar masunta, tsaftar mashigi ga dagatai da masu unguwanni, sannan ƙananan hukumomin Rano, Bebeji da Kibiya su sa kuɗin gyara cikin kasafinsu na kowace shekara.