Riba da Tsadar Ingantawa a Kompailocin Kasuwa: Sake Duban Ƙa'idar Proebsting

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da kamfanoni ke samu da abin da suke kashewa wajen sa kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen na'ura, ta fitar da aiki mai sauri. Matsayinta shi ne ribar ingantawa ta tabbata, nauyin da ya fi ƙarfin kamfanoni shi ne tsare ingancin abin da kompailar ta fitar.

Waiwaye

A 1957 tawagar John Backus a kamfanin IBM ta fitar da kompailar FORTRAN, kuma ingantawa ce ta sayar da ita, domin masu shirya manhaja na wancan zamani ba su yarda na'ura za ta kamo abin da suke rubutawa da hannu ba. Frances Allen da John Cocke suka zo suka tsara dabarun a rubuce.

Wanda muke ja da shi Todd Proebsting ne. A 1998 ya ƙiyasta cewa ingantawa na ninka sauri kusan sau 4, bayan bincike na shekara 36, don haka ninki ɗaya ke nan duk shekara 18, alhali injin kwamfuta na ninkawa duk wata 18. Lissafin ya shahara, amma ma'auninsa gurgu ne. Ya auna saurin tsohon rubutu kaɗai, ya manta cewa ingantawa ce ta ba mutane damar rubuta C++ cike da ƙananan ayyuka masu kiran juna ba tare da fargabar nawa ba. Kuma a rumbun kwamfutoci dubbai, ko ƙarin saurin kashi 4 cikin 100 a shekara da lissafinsa ke nunawa kuɗin lantarki ne mai yawa.

Hanyar Bincike

An yi bitar rahotannin gwajin kompaila da aka wallafa, da sanarwar kamfanoni, da hukuncin ƙungiyar SPEC mai auna saurin kwamfuta.

Sakamako

Babbar shaidar ta fito daga Jami'ar Utah. A 2011 John Regehr da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon Csmith, manhajar da ke ƙirƙiro rubutun C barkatai tana ciyar da kompailoci. Sun gano kurakurai fiye da 325, kuma ba kompailar da ta tsira, ta kyauta ko ta kuɗi. Mafi muni su ne waɗanda kompailar ba ta tsaya ba, ba ta yi gargaɗi ba, ta miƙa aikin da ke ba da amsar ƙarya. Mai saye zai kwana yana neman laifi a rubutunsa, laifin kuwa yana wurin wanda ya sayar masa. Kowace sabuwar dabara sai ta yi ma'amala da duk na gabanta, shi ya sa kuɗin gwaji ke hawa fiye da saurin da ake samu. Abin lura, a sassan kompailar CompCert da Xavier Leroy ya tabbatar da hujjar lissafi, Csmith ba ta sami irin wannan kuskure ba, sai dai CompCert ba ta zurfafa ingantawa kamar kompailar GCC.

Wani lokacin ma kompailar na kan ƙa'ida, ɓarnar ta auku. A 2009 GCC ta cire wani binciken tsaro a Linux saboda ƙa'idar C ta halatta mata, aka sami ƙofar kutse.

A ganinmu wannan nauyi ne ya sa Arm, sannan Intel a 2021, da IBM suka ɗora kompailocinsu a kan LLVM, ginshiƙin kompaila na kyauta. Gama-garin ingantawa ya zama rijiyar unguwa, kowa na zuba aikinsa kowa na ɗiba, kamfani ya riƙe abin da ya shafi injinsa kaɗai. Can ɗin ma akwai jaraba: a 2024 SPEC ta yi wa sakamako fiye da 2,600 tambari, saboda kompailar Intel ta yi ingantawar da aka ɗinka wa wani gwajin SPEC mai suna xalancbmk musamman.

Iyakokin Binciken

Shaidun sun karkata ga C da C++, kuma sanarwar kamfani ba ta bayyana dukan dalilansa. Kompailocin katin zane irin na Nvidia, inda ingantawa ke sayar da injin kai tsaye, na iya ba da wani lissafin dabam.