Yadda fasalin tsohon filin golf na St Andrews ya sauya cikin ƙarnuka

Tsohon filin wasan golf na garin St Andrews, a gabar tekun gabashin Scotland, shi ne ya bai wa duniya tsarin ramuka 18 da ake bi a yau, duk da cewa babu wani injiniya da ya zana shi tun farko. Fili ne na rairayi da tuddai tsakanin gari da teku, wanda iska da kiwon dabbobi suka fara yi wa siffa. An soma wasa a kansa tun ƙarni na 15, kuma a 1552 Babban Bishop John Hamilton ya tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a wurin.

A da, zagaye ɗaya ramuka 22 ne: a buga 11 ana nesanta da gari, sannan a juyo ta hanyar da aka bi a sake buga 11. A 1764 ƙungiyar 'yan wasan garin ta ga ramuka huɗu na farko sun yi gajarta, sai ta haɗe su zuwa biyu. Da yake kowanne sau biyu ake buga shi, jimillar ta koma 18. Sannu a hankali sauran filaye suka kwaikwayi wannan adadi.

Filin ya kusa salwanta bayan majalisar garin ta faɗa cikin bashi ta sayar da shi a 1797, aka mai da shi wurin kiwon zomaye. An daɗe ana shari'a kafin James Cheape ya saye shi a 1821, ya bar wa 'yan wasa.

Babban sauyin ya zo ne a ƙarni na 19. Hanyar siririya ce tsakanin ƙayayuwa, masu tafiya da masu dawowa kuma rami ɗaya suke nufa, don haka da jama'a suka ƙaru sai cunkoso ya yi yawa. Aka sare ƙaya, aka faɗaɗa dandalan ciyawa mai laushi, aka haƙa rami na biyu a kan kowanne. Har yau akwai irin waɗannan tagwayen dandali guda 7, kuma lambobin ramukan kowanne in an haɗa su 18 suke bayarwa: na 2 da na 16, na 3 da na 15, har zuwa na 8 da na 10. Ramuka na 1, 9, 17 da 18 ne kaɗai ke da nasu.

Tom Morris babba, wanda ya kula da filin kusan shekara 40 har zuwa 1903, shi ya ware wa rami na 1 dandalinsa. Wannan gyara, mai kama da ƙarami, shi ya ba da damar zagaya filin saɓanin tafiyar hannun agogo, kishiyar yadda aka saba. An jima ana bin hanyoyin biyu bi da bi kafin sabuwar ta zauna. Shi ya sa wasu daga cikin tarkunan yashi fiye da 100 da ke filin ba sa ganuwa ga mai bugu sai ya iso kansu, domin tsohuwar hanya suke fuskanta.

Daga baya ingancin ƙwallo da sanduna ne ya tilasta gyara. Tun da aka fara gasar Open a filin a 1873 ake ta ja da wuraren bugun farko baya. A 2010 an kai na rami na 17 har wajen tsohuwar iyakar filin, tsawonsa ya kai yadi 495. Duk da haka, a gasa ta 150 a 2022, kan tsawon yadi 7,313, Cameron Smith na Ostireliya ya lashe kofin da bugu 20 ƙasa da ma'aunin filin, abin da ya sake tayar da muhawara kan ko akwai sauran wurin ƙari.

Filin na jama'a ne, kuma galibi ranar Lahadi ba a wasa. Mutanen gari ne ke shan iska a cikinsa.