Chappal Waddi: tattakin da ke kai matafiyi ƙololuwar Najeriya

Mutumin da ya tashi a Sakajiki ko Shinkafi ko Zurmi ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda dutse ke tsayawa shi kaɗai a tsakiyar gonaki kamar na Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau, a hau shi da hantsi a sauko kafin la'asar. Akwai kuma wani irin hawan dutse da ba a gama shi a yini guda, wanda matafiyi ke kwana a hanya yana sauka daga wannan tsauni yana kama wancan. A Najeriya babu inda ya kai tsaunukan Gashaka da ke Jihar Taraba dacewa da irin wannan tattaki, domin a can ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan.

Tsayinsa mita 2,419 ne daga matakin teku, ya ɗara tsaunukan Shere na Jos masu mita 1,829, ko da yake bai kai rabin Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895 ba. Yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, ana kuma kiransa Gangirwal. Kalmar "chappal" ta Fulatanci ce, tana nufin tudu mai faɗin kai, shi ya sa ake samunta a sunan wasu tsaunukan yankin, kamar Chappal Hendu, wato tudun iska.

Dutsen na cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a gandun dazuzzukan gwamnatin tarayya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma a 1991 aka ba shi wannan matsayi bayan haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti. Mai tasowa daga Ƙauran Namoda zai bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ya ratsa Bauchi da Gombe zuwa Jalingo, sannan Bali, har ya isa Serti inda ofishin gandun yake. A nan ake karɓar izini, a haɗa baƙo da jami'an gandun daji da ɗan jagora da 'yan dako.

Hanya biyu ce. Gajeriyar ta tudun Mambila take bi, mota ta kai mutum ƙauyen Njawai, daga nan ƙafa ta karɓa. Doguwar kuwa, wadda ita ce ainihin tattakin, daga ƙauyen Gashaka take farawa, kuma kwanaki take ci. Matafiyi zai soma da kurmi mai duhu a cikin kwaruruka, ya tsallake rafuka da ƙafa, ya hau gangare mai karya gwiwa, sai kwatsam ya ɓullo fili fetal na ciyawa inda Fulani ke kiwo. Sanyin tudun ne ya hana tsando zama, shi kuwa ya jawo makiyaya suka kafa rugage tun kafin a yi gandun, har doka ta bar musu wasu keɓaɓɓun yankuna. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6, don haka wanda ya baro Serti yana gumi sai ya nemi bargo a sama. Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin tafiyar. Da damina koguna kan cika su datse hanya.

A kurmin ana samun ɓauna da damisa da birai iri-iri, har da cimfanzin Najeriya da Kamaru, jinsin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda masana suka shafe shekaru suna nazarinsa a sansanin Kwano. Kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kangon ganuwar da Jamusawa suka gina lokacin da yankin ke cikin Kamarun da suke mulka. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ne ya zama ɓangaren Najeriya da sunan Lardin Sardauna. Ke nan dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya ba ya cikinta ranar samun 'yancin kai.

Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka shi ke shayar da Kogin Taraba, wanda ke zubawa cikin Binuwai, saboda haka duk itacen da aka sare a sama manomin fadama na ƙasa ne zai ji a jikinsa. Masu saran madobiya, wadda a can ake kira madrid, sun yi wa dazuzzukan Taraba mummunar ɓarna don sayarwa ƙasar Sin, ga ƙunar daji da farauta da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Zamfarawa ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke biyo baya idan hukuma ta janye ido daga daji. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ke aiki tare da Hukumar Kula da Gandun Dazuzzuka ta Ƙasa wajen horar da masu gadin gandun da samar musu kayan aiki.