Adireshin Sifili: Yadda Gurbin Wofi Ya Zama Alkawari a Agogon Kwamfuta

Kowace wayar Android da ake ciniki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da na'urorin POS da dama da ke rumfunan Kawo da Unguwar Rimi, suna tafiya ne a kan kanel ɗin Linux. Kanel shi ne ƙashin bayan babbar manhajar da ke sarrafa na'ura. Shi ke riƙe da makullan ma'adana da agogo da sauran kayan ciki, kuma duk wata manhaja sai ta biyo ta hannunsa. Cikin tambayoyin da aka fi yi masa akwai mafi sauƙi a duniya: ƙarfe nawa? Amsarsa lamba ce guda, wato adadin sakan da suka shige tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT, ƙarfe ɗaya na dare ke nan a Kaduna.

Abin da ke da tarihi shi ne hanyar miƙa amsar. Sau da yawa kanel ba ya danƙa wa manhaja amsa a hannu. Manhajar ce ke ba shi manuni, wato adireshin wani gurbi a ma'adana, ta ce ya ajiye mata a can. Haɗarin a fili yake, domin kanel yana da ikon rubutu a ko'ina. Idan ya gaskata kowane adireshi, manhaja mai mugun nufi za ta iya nuna masa cikin gidansa da kansa, ta sa ya lalata abin da aka ba shi tsaro. Saboda haka Linux yakan duba ko adireshin yana cikin rabon manhajar, sannan ya yi rubutun ta wata hanya ta musamman wadda ba za ta kayar da shi ba ko da gurbin babu shi. In abin bai yiwu ba, sai ya mayar da alamar kuskure mai suna EFAULT. To, amma tsakanin adireshi mai kyau da marar kyau akwai na uku, shi ne sifili, kuma a kansa aka fi shan wahala.

Asalin lamarin yana ɗakunan binciken Bell a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina Unix. Bugun farko na 1971 yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin sittin na sakan, lissafin da zai cika ma'aunin bit 32 kafin shekara biyu da rabi, don haka aka koma cikakken sakan. Kwamfutarsu, PDP-11, bit 16 take ɗauka a lokaci guda, kuma harshen C na wancan zamani ba shi da mazubin lamba mai bit 32. Dole manhaja ta tanadi gurbi biyu a jere, ta ba umarnin time adireshinsu. Zuwa bugu na bakwai a 1979 harshen ya sami babban mazubi, time ya iya mayar da amsa kai tsaye, manunin ya zama ba shi da amfani. Ba a cire shi ba, don kada tsofaffin manhajoji su mutu. Aka dai ce wanda ba ya bukata ya sa sifili. Shi ya sa har yau ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna yake rubuta time(NULL), yana cike gurbin da aka haƙa saboda gazawar wata na'ura da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi.

A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da nata Unix, 4.2BSD, ɗauke da gettimeofday da settimeofday, kowanne da manuni biyu: ɗaya na lokaci, ɗaya na shiyyar lokaci. Shiyyar kuwa da mintocin da ke yamma da Greenwich ake auna ta, kamar yadda mazaunin Kalifoniya zai ga duniya, don haka Nijeriya sai ta faɗa a lamba 60 ƙasa da sifili. Wannan sa'a guda ma gado ce: a 1919 gwamnatin mulkin mallaka ta tsayar da ita, bayan shekarun da aka yi ana bin rabin sa'a, wadda ita ce ta fi dacewa da tsayuwar rana a Kaduna.

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ya gaji waɗannan umarni, ya kuma ɗora wa sifili wani sabon kaya. Kwamfutocin da ke ɗauke da MS-DOS, daga baya Windows, suna saita agogon cikin na'ura a kan lokacin gari, shi kuwa Unix GMT yake so. Mafitar da aka samu ita ce, a kiran farko na settimeofday bayan kunna na'ura, idan manunin lokaci sifili ne amma an ba da shiyya, kanel zai ɗauka agogon na gari ne ya gyara shi. A kwamfutar da ke Kaduna, sa'a guda zai ja baya. Littafin jagorar Linux da kansa bai yaba wannan dabara ba, amma tana nan daram, domin akwai manhajojin kunna na'ura da suka dogara da ita.

Sauri ne ya kawo sabuwar matsala. Shiga kanel da fita yana cin lokaci, manhajoji kuma suna tambayar agogo babu ƙaƙƙautawa. Sai aka ƙirƙiro vDSO: kanel ya rataya agogon a bango, ya ba kowace manhaja ɗan guntun umarni da za ta karanta shi da kanta ba tare da ta yi sallama ba. Sai dai wannan guntu a ɓangaren manhaja yake aiki, inda babu mai gadi. Adireshin banza a nan ba ya jawo EFAULT, faɗuwa manhajar take yi nan take.

A 2019 Vincenzo Frascino na kamfanin Arm da Thomas Gleixner, mai kula da sashen lokaci na kanel, suka haɗe nau'o'in vDSO na injina daban-daban wuri guda, aikin da ya fito a Linux 5.3. Cikin gyare-gyaren, aka share binciken sifili daga clock_getres, umarnin da ke faɗin ƙanƙantar abin da agogo ke iya aunawa. A ido, sharewar tana da hujja: me zai sa a yi tambaya a kuma hana wurin ajiye amsa? Amma ƙa'idar POSIX, wadda dangin Unix ke bi, ta halatta hakan, kuma da shi manhaja ke iya gane ko wani agogo yana nan ba tare da ta damu da awonsa ba. Wani gwaji ya faɗi, kuma a Oktoba 2019 Gleixner ya mayar da binciken. Layukan ba su taka kara sun karya ba, amma dokar Torvalds ce ta yi aiki: sabon kanel ba ya karya manhajar da ke aiki jiya, ko da ɗabi'ar da ta dogara da ita ba ta da kyan gani. Alkawari kaya ne, har wanda aka ɗauka ba da niyya ba.

Wannan doka ce ta sa gyaran matsalar 2038 ya ci shekaru. Ma'aunin bit 32 zai cika a sakan na 2,147,483,647, da ƙarfe 4:14 na daren 19 ga Janairu 2038 agogon Nijeriya, tun kafin kiran assalatu, daga nan ya juya zuwa Disamba 1901. Na'urori masu bit 64 sun tsira. Abin ji su ne ƙananan na'urori masu arha da akan kafa a manta da su. Faɗaɗa ma'aunin ba wuya, amma tsohuwar manhaja ta tanadi gurbi mai bit 32 ne, kuma idan kanel ya zuba 64 a adireshin da ta nuna, zai malala cikin gurbin maƙwabta. Adireshin ingantacce ne, don haka babu binciken da zai kama ɓarnar.

OpenBSD ya zaɓi yankan ƙauna a 2014: ya faɗaɗa, ya ce kowa ya sake gina manhajarsa. Linux bai ga zai iya haka ba. Arnd Bergmann da abokan aikinsa suka bi umarnan lokaci ɗaya bayan ɗaya suna yi wa kowanne tagwai mai bit 64, irin su clock_gettime64, suka bar tsofaffin a inda suke. Aikin ya kammala a ɓangaren kanel da fitowar Linux 5.6 a Maris 2020, amma sai a Agusta 2025 Debian ya fitar da bugunsa na 13 da aka sake gina manhajojinsa na injinan ARM masu bit 32 a kan sabon ma'auni. Na tsofaffin kwamfutocin Intel masu bit 32 kuwa ya bar su da gangan a kan tsohon, domin masu amfani da su suna riƙe da manhajojin da babu mai sake gina su.