Waɗanda Suka Fito daga Kurkukun Habre

A ranar 1 ga Disamba 1990, sa'ad da Hissene Habre ya tsere daga Injamena, aka buɗe kurkukun 'yan sandansa na ciki, waɗanda ake kira DDS. Ɗaurarru suka fito a rame, waɗansu ba sa iya tafiya. Mafi muni cikin wuraren shi ne La Piscine, wato tsohon wurin iyo na zamanin Faransawa, wanda aka rufe samansa da siminti aka raba shi ɗaki-ɗaki. A 1992 kwamitin bincike na Mahamat Hassan Abakar ya kimanta cewa mutum 40,000 sun hallaka cikin shekara takwas na mulkin.

Amma buɗe ƙofa bai mai da mutum gida ba. Wani ya tarar an kwashe dukiyarsa, wani kuwa an riga an yi zaman makokinsa. Abin da ya fi ciwo, da yawa daga cikin masu azabtarwar nan sun sami muƙami a sabuwar gwamnati, har tsohon ɗaurarre yakan gamu da wanda ya ɗaure shi a kan hanya.

Taimakon da ya yi amfani daga wurin ɗaurarrun kansu ya fito. Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi a Hukumar Tafkin Cadi, wanda aka kama a 1988, ya yi wa Allah wa'adi a kurkuku cewa in ya fita da rai zai nemi a yi adalci. A 1991 suka kafa ƙungiya, ya tattara shaidar mutum 792 a rubuce, ya ɓoye takardun shekara da shekaru. Kada mai karatu ya raina wannan aiki, gama mutumin da aka rubuta labarinsa ya daina zama shi kaɗai da abin da ya same shi. Likita Helene Jaffe kuma ta riƙa zuwa daga Faransa, tsakanin 1991 da 1996 ita da abokan aikinta suka duba mutum 581 da aka azabtar. Clement Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne 'yan'uwansa ɗaurarru a Hamral-Goz, daga baya shi ya shugabanci ƙungiyar.

Shari'a ta yi jinkiri ƙwarai. A 2015 kotun Injamena ta hukunta mutum 20 na DDS, ta umarta a biya diyyar sefa biliyan 75. A ranar 30 ga Mayu 2016 kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai, ya mutu a 2021. Sai a 2024 gwamnatin Cadi ta fara raba biliyan 10, kowa ya sami ƙasa da sefa miliyan ɗaya. Kafin wannan lokaci, da yawa daga cikin waɗanda suka fito a 1990 sun riga sun rasu.