Kantunan Bakin Gari na Maraɗi

A zamanin mulkin Turawa, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA sun gina kantunansu bisa tudu, nesa da tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwarin Gulbi. Nan suke sayen gujiya, suna sayar da yadi da sukari. Ambaliyar shekarar 1945 ta tilasta wa gari hawowa tudu, sai kantunan bakin gari suka koma tsakiyarsa. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, wadda ta karɓe cinikin gujiya, sannan farin 1973 ya durƙusar da nomanta. Da kamfanonin suka janye, alhazan gari, waɗanda da yawansu suka fara da yi musu awo, suka gaji kasuwar, suka mai da hankali ga fatauci da Nijeriya.